CIWON SUGA: ZAMA DA SHI LAFIYA TA HANYAR ABINCI DA ALLURA

Jawabin kwamitin lafiya na ƙungiyarmu, kamar yadda aka gabatar da shi a taron wata-wata da aka yi a Hausari, Maiduguri



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, Lawanai da Bulamomin da suka amsa gayyatarmu, iyayenmu mata da ke can ɓangarensu, da sauran 'yan uwa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Muna gode wa Allah da Ya tara mu lafiya, muna kuma roƙonsa Ya ƙara wa Mai Martaba Shehun Borno lafiya da nisan kwana, Ya zaunar da wannan gari da ya karɓi kakanninmu, ya zame mana gida.

Shugabanni sun ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan ciwon suga, wanda wasu ke kira ciwon sukari. A cikin kwamitin nan akwai malaman asibiti, akwai kuma waɗanda su kansu suna ɗauke da ciwon shekara da shekaru. Saboda haka abin da za mu faɗa, wani a aji aka koye shi, wani kuwa a jiki aka ji shi.

Dalilin wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Kowa a nan ya san wani dattijo namu da ya taka ƙusa a kasuwa, ya ce ɗan ciwo ne, aka yi ta shafa masa magani a gida har wata biyu, daga ƙarshe sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa. Kowa ya ji labarin baiwar Allah nan da ta faɗi ana dab da shan ruwa cikin azumi, aka ɗauka iskoki ne, aka yi ta hayaƙi da tofi, alhali ƙwayar suga huɗu kawai jikinta ke nema. Allah Ya jiƙanta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan gaskiya ne, amma an umurce mu da neman magani, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

MENE NE CIWON SUGA?

Duk abin da muka ci mai gari-gari, wato tuwo, shinkafa, burodi, taliya, rogo, dankali da makamantansu, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma suga, ya bi jini. Wannan sugan shi ne man da jiki ke aiki da shi. To amma ba ya iya shiga cikin tsoka sai da mabuɗi. Mabuɗin shi ne wani sinadari da ake kira insulin, wanda wata tsoka doguwa da ke kwance bayan tumbi take samarwa, likitoci na ce mata pankiriyas. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru cikin jini ya rasa inda za shi. Jini ya cika da abinci, jiki kuwa yana fama da yunwa.

Daga nan ne alamomin ke fitowa: yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa wadda ruwa ba ya kashewa, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, ciwo ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba ga mata, raunin mazakuta ga maza. Wani ma sai ya ga kiyashi na bin inda ya yi fitsari.

Ciwon iri-iri ne. Nau'i na ɗaya ya fi kama yara da matasa, jikinsu ya daina yin insulin gaba ɗaya, ba su da wata mafita sai allura har ƙarshen rayuwa. Nau'i na biyu shi ne ya fi yawa, kusan mutum 9 cikin 10 na masu ciwon shi ke gare su, ya fi kama manya, yana bin gado, yana bin ƙiba da teɓa da yawan zama. Akwai kuma wanda ke zuwa wa mata lokacin goyon ciki, shi ya sa ake gwada su tsakanin mako na 24 da na 28. Matar da ta taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ya kamata ta riƙa gwada kanta ko bayan ta gama haihuwa.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da shi a duniya, a 2024 kuwa adadin ya kai miliyan 589. Abin tsoron shi ne, a nahiyarmu ta Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba. Wato a cikin wannan rumfa da muke zaune, akwai mai shi bai sani ba.

Gwajin kuwa ba wuya. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba, aka gwada aka ga 126 ko fiye, aka sake wata rana aka ga haka, to ciwon ya tabbata. Wasu na'urorin da ƙananan lambobi suke ƙirga, a wurinsu 126 ɗin shi ne 7.0. In kana son mayar da ƙaramar lamba babba, sai ka ninka ta sau 18. Wanda ya riga ya kamu, abin da aka fi nema masa shi ne ya tashi da safe tsakanin 80 da 130, sannan awa biyu bayan cin abinci kada ya wuce 180, sai fa in likitansa ya yanka masa wani ma'auni daban. Akwai kuma wani gwaji mai suna HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku da suka wuce. Shi wannan ba a yi masa wayo da azumin kwana ɗaya kafin ganin likita.

ABINCINMU NA YAU DA KULLUM

Da zarar an ce wa mutum yana da suga, sai 'yan dubiya su cika gida, kowa da tasa fatawar. Wannan ya ce daina tuwo, wancan ya ce wake kaɗai za ka ci, wata ta ce sai acca da alkama. Kafin wata uku mutum ya rame ya fita hayyacinsa, ya gaji, ya koma cin komai. To jama'a, mu dai abin da muka sani shi ne, mai suga zai iya cin abincin gidansu. Abu uku ne zai kula da su: yawa, haɗi, da lokaci.

Na farko yawa. Ɗauki farantinka ka raba shi biyu a zuci. Rabi guda ganye ne da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabeji, kuɓewa, yalo, gurji, latas. Ɗaya rabin ka sake raba shi biyu. Kashi ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ɗaya kashin shi ne na tuwo ko shinkafa ko burabusko. Malmalar tuwon kada ta wuce girman dunƙulen hannunka. Mun san al'adarmu ita ce tuwo tuli, miya 'yar kaɗan a gefe. Mai suga juya abin zai yi, miya ta yi yawa, tuwo ya zama ɗan rakiya. Matsalar cin abinci a tire ɗaya da jama'a ita ce ba ka sanin abin da ka ci. Ba raini ba ne in mai suga ya ce a zuba masa nasa daban, kada a ce ya faye iyayi.

Na biyu haɗi. Hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba, irin gero da dawa da masakwa, ya fi farar shinkafa da fulawa da semo jinkirin hawa jini, saboda dusar da ke jikinsa. Wake abokin mai suga ne: alale, ƙosai in ba a cika mai ba, faten wake da ganye. In za a dafa shinkafa da wake, waken ya fi shinkafar yawa. Allah Ya hore mana kifi a garin nan, ga banda daga Baga, ga ɗanye a kasuwa, kuma kifi ba ya ɗaga suga. Gyaɗa ma haka, in an ci daidai cikin tafin hannu. Amma fa mu faɗi gaskiya game da alkama da acca: su ma gari ne, suga suke komawa. Wanda ya cinye malmala uku ta tuwon alkama yana cewa ai abincin masu suga ne, ya yaudari kansa.

Babban abokin gaba shi ne abin sha mai zaƙi, domin shi ba ya jiran narkewa. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da suga kimanin cokalin shayi 9. Lemon da ake kira malt, wanda muke kai wa marar lafiya asibiti, shi ma haka yake. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa, ba ka san abin da aka zuba ba. Sai kuma shayi. Kowa ya san garin nan da shan shayi, a majalisa a ɗora buta tun bayan la'asar, na ɗaya, na biyu, na uku, kowane da suga kamar a tsaya da cokali. Wani a teburin mai shayi zai sha kofi babba da madarar gwangwani da rabin burodi, ya ce bai karya ba tukuna. Mai suga ya sha shayinsa, amma ba suga, ya sa citta da kanumfari da na'a-na'a su ba shi ɗanɗano. Mako biyu ne harshe zai saba. Zuma kuma, duk da albarkar da ke cikinta, tana ɗaga sugan jini kamar yadda suga ke yi, dabino ma haka. Fura a dama ta da nono mai yawa, fura kaɗan, ba suga. Alkaki da nakiya da dubulan na biki, a ɗanɗana a bar wa yara. 'Ya'yan itace kamar gwaiba, lemon zaƙi, gwanda da kankana, a ci yanka ɗaya ko biyu, a ci su da ɓargonsu maimakon a matse ruwan. Lokacin mangwaro a yi hattara, ƙarami ɗaya ya isa.

Na uku lokaci. 'Yan uwanmu na Kasuwar Monday da Gamboru da Tashar Baga, mun san halinku: a fita da sassafe ba karyawa, a wuni ana ciniki, da dare a dawo a cika ciki a kwanta. Wannan tsari yana wahalar da mai suga, ga wanda ke allura kuwa haɗari ne. A ci sau uku a kan lokaci, kaɗan-kaɗan, abincin dare kuma kada ya kai lokacin barci. A rage gishiri da dunƙulen miya, domin suga da hawan jini tare suke tafiya, su biyun ne ke kashe ƙoda su jawo shanyewar ɓarin jiki.

Sai motsa jiki. Kakanninmu da suka zo Borno fatauci da neman karatu, da ƙafa suka zo. Mu kuwa tun da aka hana babur a garin nan a 2011, ko masallacin Juma'a za mu sai mun tare Keke Napep. Abin da ake so shi ne tafiya mai ɗan sauri ta minti 30, kwana 5 a mako. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, kafin rana ta yi zafi ko bayan ta yi sanyi. Iyayenmu mata da ba su cika fita ba, zagaya tsakar gida da shara da daka duk motsi ne. Maigida ya ba da dama, lafiyar gidansa ce.

MAGANAR ALLURA

Yawancin masu nau'i na biyu da ƙwaya ake fara musu, irin su metformin da glibenclamide. Amma ciwon yana tafiya da shekaru, wata rana ƙwaya takan gaza, likita ya ce sai insulin. A nan ne mutanenmu ke gudu. Sai ka ji ana cewa wanda aka fara yi wa allura ya kusa, ko kuwa in ka fara ba ka dainawa. Mu dubi tarihi. Kafin 1921, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A shekarar ne wani likita mai suna Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson, yana bakin mutuwa, ya tashi ya ƙara shekara 13 a duniya. Saboda haka ne ake Ranar Ciwon Suga ta Duniya kowace 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, tun daga 1991. Insulin abu ne da jikinka ke yi da kansa tun kana ciki, allura cike giɓi take yi. Waɗanda muka ga sun rasu bayan fara allura, yawanci sun ƙi ta ne shekara da shekaru, sai da ƙoda da ido suka lalace sannan suka yarda.

Insulin kala-kala ne. Akwai garau kamar ruwa mai saurin aiki, irin Actrapid, ana yin sa kamar minti 30 kafin cin abinci. Akwai mai hazo-hazo da ke aiki a hankali. Akwai gauraye irin Mixtard, wanda aka fi ba mutanenmu safe da yamma. Akwai kuma mai dogon zango irin Lantus da ke kai wa kusan awa 24. Kowane da ƙa'idarsa, kada wani ya ari na wani. Mai hazo ana murza kwalbar a hankali tsakanin tafin hannu har ya haɗu, ba a girgiza ta da ƙarfi.

Ga wani abu da muke roƙon kowa ya riƙe da kyau. A kemis za ka samu insulin mai ƙarfi biyu, a jikin kwalba an rubuta U-40 ko U-100, kuma kowane da sirinjinsa. In ka ɗebi U-100 da sirinjin U-40, ka yi wa kanka ninki biyu da rabi na abin da likita ya ce, wannan yana iya kai mutum lahira cikin barci. In ka yi akasin haka kuma, maganin bai kai rabi ba. Duk lokacin da za a sayo, a duba lambar kwalba da ta sirinji su zama ɗaya. In yaro za a aika, a ba shi tsohuwar kwalba da tsohon sirinji ya nuna.

Wurin yin allura shi ne fatar ciki, nesa da cibiya da kamar yatsa biyu, ko gaban cinya. A riƙa sauya wuri, domin in aka nace wa wuri ɗaya yakan yi ƙullutu, magani ya daina shiga daidai. Ba a yin tarayya a allura ko da miji da mata ne. Wadda aka gama da ita a jefa cikin gwangwani mai murfi, kada a zubar a bola inda yara da almajirai ke tone-tone.

Wanda ya yi allura dole ya ci abinci. Kuma in zazzaɓin cizon sauro ya kama mai suga, ko amai da gudawa, kada ya ce tunda ba na cin abinci bari in daina allura. Rashin lafiya ɗaga suga yake yi. Ya yawaita gwaji, ya yawaita shan ruwa, ya nemi asibiti da wuri. Yaro mai nau'i na ɗaya in aka ga yana amai, cikinsa na ciwo, yana numfashi da ƙarfi, to ba a kwana da shi a gida.

AJIYAR INSULIN A ZAFIN MAIDUGURI

Kwalbar da ba a buɗe ba, wurinta firij, sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Ba a sa ta a gidan ƙanƙara, in ta daskare ta mutu ko da ta narke. Wadda aka buɗe ana amfani da ita kamar mako 4 ne, a rubuta ranar buɗewa a jikinta.

To ina firij, ina wuta? Ba mu manta ba, a watan Janairu 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin nan ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar wuta mai aiki da iskar gas wadda aka buɗe a watan Maris 2023. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Dabarar ita ce ta iyayenmu, wato tukunyar ƙasa. A samu tukunya babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Wannan ita ce dabarar da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don ajiyar kayan miya, har ya samu lambar yabo ta duniya a shekarar 2000. A sa insulin cikin ɗan roba mai murfi kada ruwa ya taɓa shi, sannan a sa cikin tukunyar. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da Jami'ar Janiba, aka buga a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa har mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wannan abin kwantar da hankali ne, amma bai ba da izinin barin kwalba a gaban mota ko a shagon kwano da tsakar rana ba. Direbobinmu masu zuwa Kano da Gamborun Ngala su lura. In garau ya yi hazo, ko mai hazo ya yi gudaji-gudaji, a jefar.

Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta koya mana darasi. Ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri bai tsira ba. Mutane sun fita cikin dare da kayan jikinsu kawai, masu suga suka yi kwanaki ba magani. Saboda haka kowane mai suga ya tanadi 'yar jaka guda: katin asibiti, takardar da aka rubuta sunan maganinsa da adadinsa, sirinji, na'urar gwaji, da ƙwayoyin suga. A ajiye ta inda hannu zai kai ko cikin duhu.

IN SUGA YA FAƊI

Hawan suga a hankali yake ɓarna, faɗuwarsa kuwa nan take take kisa. Yana faɗuwa in an yi allura ko an sha ƙwaya irin glibenclamide ba a ci abinci ba, ko an yi aikin ƙarfi, ko magani ya yi yawa. A na'ura ƙasa da 70 ke nan. Alamominsa: rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, faɗa ba dalili, magana ba kan gado. In mutum yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar suga 3 ko 4, ko rabin kwalbar lemo, ko cokali ɗaya na zuma. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara. In ya dawo a ba shi abinci. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa, a gaya musu mai suga ne. Addu'a a yi ta a hanya. Wannan ilmi ba na mai ciwon kaɗai ba ne, matarsa da 'ya'yansa da yaron shagonsa su ne za su cece shi. Shi ya sa ɓoye ciwon nan ba dabara ba ce.

AZUMI

Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, malamanmu da ke zaune a nan sun fi mu sanin bayaninsa. Ta ɓangaren asibiti, mai nau'i na ɗaya da sugansa bai daidaita ba, da mai ciki, da mai ciwon ƙoda, da wanda sugansa ya faɗi har ya suma cikin 'yan watannin baya, shawarar likitoci ita ce kada su yi azumi. Wanda zai yi, ya ga likitansa tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, domin adadin magani da lokacinsa sukan canja. Ya jinkirta sahur, ya sha ruwa da dabino ɗaya ko biyu, kada ya haɗa kunu mai suga da lemo da soye-soye a zama ɗaya. Ya gwada jininsa da rana, malamai sun yi bayani cewa ɗigon jinin gwaji ba ya karya azumi. In ya ga ƙasa da 70, ko sama da 300, ko ya ji alamomin da muka lissafa, ya karya nan take ko da saura minti goma a kira sallah. Ranar ramuwa tana nan, rai kuwa ɗaya ne.

ƘAFA DA IDO DA ƘODA

Suga in ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai ji ba. Mu Musulmi Allah Ya sauƙaƙa mana, sau biyar muke wanke ƙafa kullum. To a duba ta yayin alwala, a tsane tsakanin yatsu. Kada a taka rairayin garin nan mai zafi ba takalmi. Da hunturu kada a kanga ƙafa a kaskon wuta. A yi hattara da masu yankan farce na yawo, da sakiya, da tsaga. Ciwon da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, asibiti. A duba ido da ƙoda sau ɗaya a shekara ko ba a jin komai. Wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda ya san kuɗin gwajin shekara ba komai ba ne.

Game da masu magani a mota da lasifika, masu cewa kwalba ɗaya ta raba ka da suga har abada: zogale da shuwaka da ɗaci-ɗacin da muka gada, a ci su a matsayin abinci ba laifi. Amma duk wanda ya ce ka ajiye allurarka ka sha nasa, ranar da ka faɗi ba za ka gan shi ba, ya yi gaba wata kasuwar.

ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Tun daga 2023 da darajar Naira ta faɗi, kuɗin insulin da tsinken gwaji ya fi ƙarfin talaka. Mun san gidajen da ake raba allurar kwana ɗaya ta yi kwana biyu. Mun san uwar da ke zaɓa tsakanin kuɗin makarantar yara da maganin ɗanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kwamiti na gabatar da buƙatu huɗu.

Ɗaya, a sayi na'urar gwaji guda biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, a riƙa gwada duk wanda ya kai shekara 35 a ranar taron wata-wata, tare da awon hawan jini. Mai son gwaji ya zo da safe bai karya ba. Biyu, a ware wani kaso daga asusun taimakon juna don insulin na yara da marayu da zawarawa, attajiranmu kuma su tuna da wannan ƙofa lokacin fitar da zakka da sadaka. Uku, a nemi ƙaramin firij mai aiki da hasken rana a ajiye a ofishin ƙungiya, kowa ya kawo nasa da suna a jiki. Huɗu, a wajen walima da suna da ɗaurin aure, a riƙa ajiye ruwa da shayi marar suga, kada a tilasta wa baƙo lemo don kara.

Wanda aka gwada aka ga sugansa ya hau, za mu ba shi takarda ya je Asibitin Koyarwa ko Asibitin Ƙwararru na jiha ko asibitin da ya fi kusa da shi. Mu ba za mu rubuta wa kowa magani ba, wannan aikin likita ne. Sirrin kowa kuma yana nan a rufe.

A cikin kwamitin nan akwai wanda ya shekara fiye da 20 yana yi wa kansa allura safe da yamma, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali, gobe da safe kuma za ku same shi a rumfarsa. Abin da ya riƙe shi ne abin da muka faɗa muku yau. Muna roƙon shugabanni su sa waɗannan buƙatu huɗu cikin ajandar taro mai zuwa, masu son ba da gudummawa kuma su ga ma'aji kafin a watse.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba Borno da Nijeriya zaman lafiya mai ɗorewa.